Wa ke jin ka? Labari, harshe da tsoron faɗar gaskiya a adabinmu

Duk sanda aka ɗauko maganar 'yancin faɗar albarkacin baki a tsakaninmu Hausawa, kafin ka rufe baki an riga an kai zancen wuri biyu, ko dai ɓatanci ga addini ko kuma batsa, shikenan sai musu ya mutu tun bai fara ba, wanda ya tayar da maganar ya koma rantse-rantse yana cewa shi ba haka yake nufi ba. Ni ɗalibin adabi ne a nan Legas kuma wallahi abin nan yana damuna, domin tsakanin waɗancan abubuwa biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin ne marubucin Hausa yake kwana yake tashi. Zai iya rubuta labarin malamin da ya ci amanar almajiransa? Zai iya rubuta labarin matar da mijinta ke jibga kuma iyayenta na cewa ta koma ta yi haƙuri? Ɗan siyasar da ya cinye kuɗin asibitin garinsu fa, ko mai unguwar da ya sayar da filin makaranta? Babu ɓatanci a nan, babu batsa, amma marubuta da yawa sai sun yi tunani sau goma kafin su taɓa.

Abin da na lura da shi a ɗan karatun da na yi shi ne, haɗarin magana ba daga nauyinta kaɗai yake zuwa ba, daga wanda zai ji ta ne, kuma harshen da ka zaɓa shi ke yanke wanda zai ji ka.

Mu fara daga gida tukuna, don akwai masu ɗauka cewa faɗa wa manya gaskiya baƙon abu ne da boko ya kawo mana. Sam ba haka bane. Duk wanda ya taso ana masa tatsuniya ya san Gizo, ɗan mitsitsi, mai tsamin baki, ga kwaɗayi ga ƙarya, amma shi ke yi wa zaki da kura da giwa wayo, wani lokacin har sarki da fadawansa. Kaka tana zaune da daddare tana koya wa jikokinta cewa mai ƙarfi yana iya zama wawa, mai mulki yana iya zama azzalumi, kuma ba wanda zai kama ta don ai labarin dabbobi ne. Sannan ka dubi yadda ake rufewa, ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce na shara muku. Mai labari ta faɗi abin da za ta faɗa ta kuma wanke hannunta. Haka waƙar daka da ta niƙa, inda mace za ta amayar da abin da ke cikinta game da kishiya ko uwar miji ba tare da ta kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ai ya san da wanda yake. Haka zambon makaɗan fada, haka 'yan kama da suke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, haka tashe a watan azumi inda yara ke kwaikwayon mai rowa da tsoho mai budurwar zuciya a ƙofar gidan mutane kuma a basu sadaka. Har barkwancin Kanawa da Zagezagi ko na Fulani da Barebari, mutum zai faɗa maka magana mai zafi kuma ba ka da ikon yin fushi.

Kenan al'ummarmu ta daɗe da ware wa gaskiya ƙofofi, sai dai kowace ƙofa da sharaɗinta. Akwai lokacin da ake faɗa, akwai wanda aka yarda ya faɗa, akwai sigar da zai bi. Maroƙi zai iya zambo saboda an riga an ajiye shi a ƙasa, ana ganin maganarsa ba ta kai a yi shari'a da ita ba. Yaro zai iya tashe saboda yaro ne. Ina son wannan hikimar ƙwarai, amma ban yarda mu riƙa yabonta ido rufe ba, don habaici yana kare mai faɗa kuma yana kare wanda aka faɗa wa, shi ma zai iya yin kamar bai gane ba ya ci gaba da abin da yake yi. Matar da ta yi waƙar niƙa ta huce, amma gobe dukan na nan.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta habaici ba, ita ma tamu ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da mutanensa sun rubuta da Larabci don malamai, amma da suka so talaka ya ji sai suka yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, suna kama sunan zaluncin sarakuna ƙarara, haraji na babu gaira da cin hancin alƙalai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi ta ba jajis, wato matan da ta horar, suka shiga ƙauyuka suna koyar da mata, abin da ake kira 'yan taru. A shekarun 1950 su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin sun ɗauki waƙar Hausa sun yi siyasa da ita, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a hannun hukumar En'e saboda bakinsu. In wani ya ce maka tarbiyyar Bahaushe ita ce yin shiru, ka tambaye shi su waɗannan 'yan ina ne.

Shi kuwa ƙagaggen labari na boko a hannun gwamnati aka haife shi, wannan yana da muhimmanci a gane. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasa, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Littattafai ne masu daraja har gobe, ba na raina su. Amma an yi su ne don 'yan makaranta su samu abin karantawa da haruffan boko, Bature ne edita, gwamnatin mulkin mallaka ce mai injin bugu, ita ce kuma ta kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Daga nan aka zo kamfanin Gaskiya, aka zo NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, aka zo kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, a 1966, duk dai hanya ɗaya ce ƙunƙuntacciya. Kusan shekara hamsin ba a bukatar ƙona littafi, don wanda bai yi wa masu ƙofa daɗi ba ba zai ma fito ba. Kuma ka duba jerin marubutan wancan zamani, kusan duk maza ne, sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

Abin da ya fasa ƙofar ba wata doka bace, talauci ne da yaɗuwar karatu. Shirin firamare kyauta na 1976 ya samar da dubban yara mata da maza masu iya karanta Hausa, sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma buga littattafan makaranta kawai. Sai matasa a Kano suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, a buga a siriri, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a kai kasuwa, masu haya su saya su riƙa bayarwa ana karantawa ana dawowa da shi. Karo na farko ba edita ba gwamnati tsakanin marubuci da mai karatu. Kuma su wa suka fi cika filin? Mata. Matan aure da 'yan mata da zawarawa, suna rubutu kan auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace. Masana suka kira shi Adabin Kasuwar Kano, wasu da niyyar raini, suka ce soyayya ce kawai da kwaikwayon fim ɗin Indiya. Eh akwai kwaikwayo, akwai rauni a rubutu da yawa, amma ka ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da ya fito a 1990, labarin magidancin da ya kori uwargidansa da tarin 'ya'ya saboda amarya, kuma wadda ta rubuta shi ita kanta an cire ta daga makaranta an mata aure tana ƙarama. Wannan ba hirar saurayi da budurwa bace, ƙara ce aka shigar gaban al'umma, kuma an shigar da ita da harshen da alhajin da ake magana a kansa yake ji.

Shi ya sa martanin ya zo da zafi. A 2007 zamanin gwamna Ibrahim Shekarau hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, daga baya Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta ce marubuta su ma su zo su yi rajista a riƙa duba aikinsu. Tambayar da na kasa daina yi ita ce, a shagunan littattafai na garin ai akwai na soyayya na Turanci da suka fi namu tsiraici nesa ba kusa ba, me ya sa hayaniyar ta fi yawa kan na Hausa?

Amsar ba a Najeriya kaɗai take ba. Ngugi wa Thiong'o na Kenya, wanda ya mutu a 2025, ya yi shekaru yana caccakar masu mulkin ƙasarsa da Turanci ba a kama shi ba, littafinsa na 1977 ma minista ne ya ƙaddamar da shi. A wannan shekarar dai ya haɗa kai da manoma da leburori a ƙauyen Kamiriithu suka yi wasan kwaikwayo da harshen Gikuyu, talakawa suka cika fili suna kallon labarin yadda ake ƙwace musu gona. Ranar ƙarshe ta Disamba aka zo aka tafi da shi, ya yi shekara a gidan yarin Kamiti ba shari'a, a can ya rubuta labari da Gikuyu a kan takardar banɗaki. Mutum ɗaya, ra'ayi ɗaya, harshe kawai ya canza. A nan ƙasar Yarabawa ma haka, Hubert Ogunde ya yi wasan Yoruba Ronu a 1964 gwamnatin Akintola ta hana shi wasa a duk Jihar Yamma sai bayan juyin mulkin 1966. Fela ya yi karatu a Landan, zai iya waƙa da Turancin Ingila in ya so, amma ya zaɓi burokin, wato Turancin kasuwa, da direban motar haya ta danfo da mai tura baro ke ji, a Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a nan Legas suka jefo mahaifiyarsa ta taga.

Toh mu dawo kan marubutan Arewa na yanzu. Abubakar Adam Ibrahim ya rubuta labarin bazawara mai shekara hamsin da biyar da ta faɗa soyayya da matashin ɗan daba, da Turanci, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016, muka yi murna kuma ya cancanta. Amma ina tambayar kaina, da ace da Hausa ya rubuta shi aka karanta a rediyo da hantsi mata na tsintar shinkafa suna saurare, ya za ta kaya? Rubutu da Turanci tamkar hira ce a bakin titi da baƙi, rubutu da Hausa kuwa a tsakar gida kake magana, mahaifiyarka na ji, surukarka na ji, limamin unguwa na ji ta katanga. Na farkon ya fi kawo suna da kuɗi da gayyata zuwa ƙasashen waje, kyautar nan ma da Turanci ake shigarta. Na biyun ya fi haɗari kuma ya fi aiki. Littafin Balaraba sai a 2012 aka fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga, shekara 22 bayan matan Kano sun gama karanta shi sun yi kuka sun yi musu a kansa. Duniya ta makara ne, amma waɗanda aka rubuta dominsu sun ji tun tuni.

Ba ina cewa wanda ya rubuta da Turanci ya gudu bane. Achebe ya kare zaɓinsa da hujja mai ƙarfi, a ƙasa mai harsuna ɗaruruwa Turanci ne kaɗai zai kai maganarka ga Ibo da Tibi da Ijo a lokaci guda, kuma zama a Legas ya koya min gaskiyar wannan, 'yan ajinmu da yawa ba su taɓa sanin ana rubuta labari da Hausa ba sam. Ken Saro-Wiwa da Turanci ya yi rubutu kuma an rataye shi a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995, Soyinka ya yi wata 22 a tsare lokacin yaƙin basasa. Turanci ba laya bace. Abin da nake cewa shi ne mai rubutu da Hausa yana fuskantar gwamnati kamar kowa, sannan yana da ƙarin masu gadi da wancan bai cika haɗuwa da su ba.

A takarda kam doka na tare da mu. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar ra'ayi da karɓa da yaɗa bayani. Sai sashe na 45 ya zo ya ce ana iya taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da haƙƙin wasu, kuma wannan kalma ta tarbiyya faɗi gare ta, duk mai mulki zai iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka riƙa kama 'yan jarida da masu rubutu a soshiyal midiya da shi har aka masa gyara a 2024. Legas ta san wannan tarihin da kyau, Doka ta 4 ta 1984 da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita, da bam ɗin da aka aika wa Dele Giwa cikin ambulan a Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986. Namu na kusa kuwa, a Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta sa aka yi wa wasu matasa biyu bulala 20-20 kan barkwancin da suka yi wa gwamna a TikTok, a watan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan layi ɗaya da ya rubuta da Hausa a Twitter game da matar shugaban ƙasa. Abin da 'yan kama da maroƙa suka daɗe suna yi a gaban sarakuna yau bulala ake yi a kansa. Dadiyata kuwa, wani mai sukar gwamnati a soshiyal midiya, tun Agustan 2019 da aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna ba a sake ganinsa ba.

Ba sai an kama mutum dubu ba, a kama uku sauran za su kama kansu. Kuma ni a ganina wannan kama kai ɗin shi ne babbar cutar, don ba ya barin shaida. Littafin da aka ƙona an san an ƙona shi, amma babin da marubuciya ta goge da hannunta da tsakar dare don kar mijinta ya gani ko kar a ce 'yar wane ce ta rubuta, ba wanda zai taɓa ƙirga shi. Shi ya sa da yawansu ke ɓuya bayan sunan Maman wane ko Ummu wance. Baki shi ke yanka wuya, da wannan aka raine mu.

Yanzu bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don suna da magana. Rubutun Hausa ya koma waya, Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp da masu karantawa a YouTube, marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta sannan ta ce a tura kuɗi a shiga guruf ɗin biya. Wannan ya ba mata da yawa sana'a daga cikin ɗakinsu kuma abin farin ciki ne. Amma kasuwa ita ma tana da nata takunkumin, abin da ya fi saurin kawo kuɗi shi ake maimaitawa, kuma gaskiya akwai masu zuba batsa tsagwaronta wadda ba ta ƙara wa labarin komai, yarinya 'yar shekara goma sha uku na karantawa a wayar yayarta. Uban da ya ga haka ya tayar da hankali ba maƙiyin adabi bane, ni ma ina da ƙanne. Inda na rabu da masu cewa a hana a ƙona shi ne, na ɗaya ba ya aiki, ba ka ƙona abin da ke yawo a waya dubu hamsin. Na biyu, duk sanda aka ba hukuma wuƙa don ta yanke batsa, sai ka tarar ta fara da wanda ya taɓa gwamna. Na uku kuma wanda ya fi min ciwo, mun kasa rarrabe nuna abu da yabon abu. Marubuciyar da ta rubuta labarin yarinyar da kawunta ya lalata, ta nuna yadda gida ya rufe maganar don gudun abin kunya, ba ita ta kawo fyaɗe ba, amma sau da yawa ita ake zagi fiye da kawun. Alƙur'ani mai girma ya kawo ƙissar Annabi Yusuf alaihissalam da matar Azizu, da ƙulle ƙofofi da yaga riga, cikin tsabtar lafazi ba tare da ɓoye abin da ya faru ba, kuma ya kira ta mafi kyawun ƙissa. Ana iya faɗar abu mai nauyi da ladabi, wannan gwaninta ce da ake koya, kuma edita nagari da mai sharhi mai gaskiya da ƙungiyoyin marubuta da za su sa alamar shekaru a kan aiki su ne ke koyar da ita, ba ɗan sanda ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna haka, labaran mata kan gudun hijira da fyaɗe da talauci, an tace su ta fuskar fasaha, an karanta a rediyo kowa ya ji, sama ba ta faɗo ba.

Maganar addini kuwa ni Musulmi ne, ina da iyakar da ba zan tsallaka ba kuma ba na neman a tsallaka. Amma hukunci aikin kotu ne ba na taron jama'a da duwatsu ba, kuma sukar halin wani malami ko wani mai rawani ba sukar addini bace, ko da shi zai so a ɗauka haka.

Akwai wani nau'in toshe baki da ban taɓa gani a littafin makaranta ba amma ina ganinsa kullum a nan. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende yana tashi da harshe huɗu a baki, Hausa a gida, Yarabanci a layi da makaranta, tunda jihar ta wajabta koyar da shi tun dokar 2018, burokin a kasuwa, Larabci a Islamiyya. Hausarsa ta sha ruwan Legas, yana cakuɗa jinsi wani lokaci, yana jefa kalmar Yarabanci ba tare da ya sani ba. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya rubuta wani abu a Facebook sai 'yan uwansa na Arewa su bar abin da ya faɗa su kama dariyar yadda ya faɗa, wai wannan Hausar 'yan Kurmi ce. Sau biyu sau uku sai ya koma Turanci ko ya yi shiru gaba ɗaya. Ba hukumar da ta hana shi, mu muka hana shi. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, ina goyon bayan a koye ta a iya ƙa'idar rubutu, amma a cikin labari dole mai sayar da tumatir a Mil 12 ya yi magana yadda yake yi, in ka sa masa Hausar mai karanta labarai a rediyo ka kashe shi.

Kuma asarar ba ƙarama bace, don labarin Hausawan Legas kusan ba a rubuta shi ba. Muna garin nan tun kafin a haɗa Najeriya, dakarun da Baturen mulkin mallaka Glover ya tara a 1863 waɗanda daga su sojan Najeriya ya samo asali Hausawa ake kiransu, fataken goro sun kafa zango a Agege, jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano tun kafin yaƙin duniya na ɗaya. Yau ga mahautan Oko-Oba, ga 'yan canji, ga masu gadi da masu wankin takalmi da masu ruwa a kura, ga direbobin tirela da ke kwana a layin Apapa, ga samarin da suka gudo daga Borno da Zamfara suka kama acaba sannan aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022 aka murƙushe baburan da aka kama. Ga rikicin Mil 12 na Maris 2016, ga rusau a Alaba Rago. Duk waɗannan jaridun Turanci ne suka bada labarinsu, kuma a can mu adadi ne ko matsala, ba mai suna ba mai uwa. Littattafanmu na waya kuma sun cika da gidajen Maitama da tafiya Dubai da saurayi mai jirgin sama, na gane mutane na son hutu daga wahala, amma ina labarin mutumin da ya bar amarya wata biyu da aure ya zo yana kwana a shago su takwas, yana tura kuɗi gida ta POS yana cewa komai lafiya? Ina na yarinyar da uwarta Bayarabiya ce ubanta Bakano, can a ce mata 'yar Yarabawa nan a ce mata 'yar Hausawa?

Na tambayi wasu abokaina masu rubutu a nan me ya hana su, amsar da ta fi yawa ba tsoron gwamnati bace. Cewa suke mu baƙi ne a garin mutane, an riga ana mana kallon banza, in ka rubuta shaye-shayen da ke tsakanin samarinmu a ƙarƙashin gada, ko yadda wasu shugabannin al'umma ke karɓar kuɗi da sunanmu lokacin zaɓe, ko yaran da ake kawowa aikatau daga ƙauye ba makaranta, za a ce ka tona mana asiri a gaban bare, ka ba maƙiya makami. Na fahimci wannan tsoron sosai kuma ba na raina shi, wanda bai zauna a matsayin ɗan tsiraru ba ba zai gane nauyinsa ba. Amma bare ya riga yana bada labarinmu, yana bayarwa ba tausayi ba sani, kuma shirunmu bai sa ya daina ba. Sannan a nan ne harshe ya dawo ya zama gata, don in ka rubuta da Hausa ai da mutanenka kake magana, shugaban da ya ci kuɗin zai ji, uwar da ke shirin turo 'yarta aikatau za ta ji a Funtuwa ko Haɗeja tun kafin ta sa ta a mota. Wanda ya so daga baya ya fassara wa maƙwabta, su ma suna da bukatar su san cewa mai gadin gidansu yana da gona da 'ya'ya da bashin da ya koro shi. Amma a fara rubutawa da Hausa, da irin Hausar da ake yi a Agege, kuma a bar wanda ya rubuta ya sa sunansa a kai ba tare da an kira mahaifinsa a waya ba.